Bunja Bai Gama Gyaran Tsirkiya Ba

A duk gaɓar kogin nan namu, idan ka ji an ce wa mutum "kai, kada ka yi mana na Bunja", to ɓata wa jama'a lokaci yake yi. Bunja Kanute makaɗin kora ne, ɗan makaɗin kora, kuma wallahi ya iya. Duk wanda ya ce bai iya ba, ko dai ƙarya yake yi, ko kuma bai taɓa haƙurin jira ya ji ba. Jiran ne dai aiki. Zai zauna a tabarma ya kafa korar, babban molon nan namu na ƙwarya, a gabansa, ya kama zobban fatar nan da ke riƙe da tsirkiyoyi ashirin da ɗaya a jikin sanda, ya tura wannan sama, ya taɓa, ya karkata kai, ya dawo da shi ƙasa, ya sake taɓawa. A sauke shinkafa da miyar gyaɗa, a ci, a wanke hannu, a ɗora shayi, Bunja na nan yana gyara. Sai wani makaɗin ya gaji ya jawo tasa korar ya buɗe taro, sannan za ka ga Bunja ya sauke ajiyar zuciya ya bi bayansa, kiɗa na zuba daga yatsunsa kamar ba shi ne ke dambe da zobe ɗazu ba.

Yara da baƙi sun ɗauka kunne ne ba shi da shi. Mu da muka san gidan mun san ba kunne ba ne. Tsoron buɗe taro yake yi, don mai buɗe taro shi ke kiran sunaye.

Haka ake yi a gidajen makaɗanmu. Kafin ka sako kiɗa a gaban jama'a, sai ka jero hannuwan da kora ta bi kafin ta iso naka. A gidan su Bunja daga Jali Tambajan ake farawa (Jali laƙabin makaɗin gado ne a wurinmu), wanda aka ce ya yi kiɗa a sansanin yaƙi har dawakai suka daina cin ciyawa. Sai Burama Makaho, mai gane mutum daga takunsa, ya sako masa kiɗan gidansu tun bai yi sallama ba. Sai Fodeba, wanda kada ya raba da ƙaramin yatsa, ya ce babu komai, ai dama huɗu kora ke so. Haka har a sauko kan Jali Kekoto, wanda tsofaffinmu suka gan shi da idonsu. Daga nan sai ka kira wanda ya koya maka. Mutum ɗaya, ba biyu ba. Kuma a kiran farko dole wanda ka kira ɗin yana zaune a wurin da ransa, ya buɗe baki ya ce "Na ji". Idan ya faɗa, sunansa ya shiga jeri, jikoki za su riƙa kiransa. Idan ya mutu babu wanda ya kira shi, shi ke nan, ko da ya fi Tambajan iya kiɗa, ranar da aka rufe shi aka rufe sunan.

To shi Bunja mutum biyu suka koya masa, kuma dukansu biyun ba su da wani mai kiransu sai shi.

Yana ƙarami ubansa ya rasu, sai yayan uban, Baffa Karamo, ya ɗauke shi. Baffa Karamo ba ƙaramin makaɗi ba ne. Ya yi wa sarakuna kiɗa, an sa shi a rediyo, idan ya shigo taro da babbar rigarsa har masu kuɗi gyara zama suke yi. Shi ya fara kama yatsun Bunja ya ɗora su a kan tsirkiya, wannan babu mai musu. Sai dai mutum ne mai zafin tsiya. Yana da wata 'yar tsumagiya da ba ta rabuwa da gefen tabarmarsa, kuskure ɗaya ka ji ta a bayan hannu. Ɗaurin tsirkiyarsa ma irin halinsa ne, tamau, sama-sama, murya siririya mai kaifi. Bai taɓa kiran yaron da sunansa ba, sai dai "kai ɗan Nyima", wato sunan uwarsa, don ya nuna masa dukkan sakarcin daga can ya kwaso shi. Bunja ya yi shekaru yana shan tsumagiya, yana iyawa a bayan ɗaki, yana rikicewa a gaban Baffa. Rannan Baffa ya karɓe korar daga hannunsa ya ce wa uwar ta nema masa fartanya, wannan gyaɗa zai noma, ba makaɗi ba ne.

Nyima ta miƙe. Ta kama hannun ɗanta, suka shiga jirgin fito, ta kai shi ƙetaren kogi wurin yayanta, Kawu Sidat Suso.

Kawu Sidat da Baffa Karamo tare suka yi koyo a gidan Jali Kekoto, tabarma ɗaya suka kwana a kai har gemu ya fito musu. Amma Kawu bai yi suna ba. Noma yake yi, yana yi wa maƙwabta kiɗan suna da na aure, a ba shi goro da abin da ya samu. Ɗaurinsa ƙasa-ƙasa ne, mai sanyi, kiɗan kamar mutum na yi maka hira a inuwa. Bai taɓa ɗaga wa Bunja murya ba. Idan yaron ya yi kuskure sai ya ce a sake, idan ya sake kuskuren sai ya ce a je a ci abinci tukuna. A hannunsa Bunja ya zama makaɗi, wannan ma babu mai musu. Da labari ya ƙetara kogi cewa ɗan Nyima ya iya, Baffa Karamo ya ce Sidat ya tsinci abin da shi ya yar, kuma daga ranar bai ƙara yi masa magana ba. Ko a jana'iza suka haɗu, kowa gefensa yake tsayawa.

Kun ga inda aka haifi rikicin. Bunja ya tashi da ɗauri biyu a kunne ɗaya. Idan ya zauna gyara, sai ya tarar rabin tsirkiyoyin sun hau na Baffa, rabi sun sauka na Kawu, shi kuma bai san lokacin da hannunsa ya yi haka ba. Ya sassauta waɗannan, sai ya ji kamar tsumagiya na tafe. Ya ɗaure waɗancan, sai ya ji kunyar Kawu ta kama shi. Babban yatsansa na hagu irin na Kawu yake tafiya, a hankali, na dama kuwa gudun Baffa yake yi. Abin mamaki, idan suka haɗu daɗi suke yi. Shi ne dai bai yarda da daɗin ba.

Da farko abin bai zama tashin hankali ba, don kowa ya ɗauka Baffa na da 'ya'ya maza da almajiran kiɗa cike da gida. Sai tsumagiya ta yi aikinta. Almajiran suka zame ɗaya bayan ɗaya. Babban ɗansa ya koma tuƙin mota a birni, ya ce ko ƙwaryar shan fura ba ya son gani. Ƙaramin ya haye teku, aka daina jin ɗuriyarsa. Kawu kuwa 'ya'ya mata Allah ya ba shi, kuma wa zai kawo ɗansa koyo wurin wanda ba a taɓa jin sa a rediyo ba? Aka wayi gari tsofaffi biyu, ɗaya a wannan gaɓa ɗaya a waccan, kowanne sunansa na rataye a bakin mutumin da ko zaɓen hular da zai sa sai ya tambayi matarsa.

Baffa ba ya roƙo. Goro ya fara aikowa, babu saƙo, babu gaisuwa. Bunja ya karɓa ya rasa yadda zai yi da shi, ci ya zama alkawari, mayarwa ya zama rashin kunya, sai ya zuba a tukunya ya rufe har ya bushe. Da goro bai yi ba, Baffa ya tare shi a bakin masallaci ran Juma'a ya tambaye shi ko wa ya fara ɗora masa yatsu, kuma jinin wa ke jikinsa. Bunja ya ce na Baffa ne. Baffa ya ce to, ya juya ya tafi.

Bunja ya ƙetara wurin Kawu da niyyar ya ji ko shi ma zai matsa masa, don da ya matsa, da ya sami abin da zai riƙe ya ji haushinsa. Ina! Kawu na zaune yana ɓarar gyaɗa ya ce masa kada ya damu kansa, duk wanda ya kira daidai ne, Karamo ubansa ne, kuma ya fi shi iya kiɗa nesa ba kusa ba. Wannan magana ta fi tsumagiya zafi. Matar Kawun ce, Inna Janke, ba ta da wannan haƙurin. Ta biyo shi har bakin ƙofa da ludayi a hannu ta tambaye shi ko shinkafar wa ya ci har ƙashinsa ya yi ƙwari, kuma wa ya zauna da shi lokacin da baƙon dauro ya kusa ɗauke shi. Bunja ya ce Kawu ne. Ta ce to, ta koma madafa.

Har wurin liman ya je. Liman ya karɓi goro ya ce haƙƙin jini babba ne, baffa uba ne. Bunja ya fara miƙewa da sauƙi a ransa, sai liman ya ce amma fa wanda ya riƙi maraya shi ma ba a wasa da haƙƙinsa. Sannan ya tambaye shi, shi a ransa wa ya fi so? Bunja ya fito ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a zauren.

Matarsa Mansata, mace mai baki kamar reza amma mai son mijinta, ita ta fi shan wahalar abin. Tana ji ana yi mata dariya a bakin rijiya. Makaɗin da ba ya buɗe taro rabon mai bi yake samu, ga yara suna tasowa, biyu a ciki har sun fara taɓa kora, kuma su ma ba su da wanda za su kira, don ba a kiran wanda shi kansa bai kira kowa ba. Takan ce masa, "Jali, ni fa ban ce ka zaɓi wane ba. Ka zaɓi ko akuyar gidan nan ce, mu dai mu huta." Sai ya ce yana tunani. Ta ce tun tana amarya yake tunanin, ga shi har furfura ta fito mata.

Sau ɗaya aka ritsa shi. Sunan jikan mai gari ake yi, an gayyato makaɗa daga gaɓa biyu, Baffa na zaune a dama cikin rigarsa, Kawu a hagu can baya. Wanda aka shirya zai buɗe taro ciwon ciki ya kwantar da shi, tsofaffin biyu kuwa hannu ya fara rawa, ba sa buɗe taro kuma. Mai gari ya nuna Bunja da sanda. Babu wurin gudu. Ya yi gyaran da zai yi har mutane suka fara tari, sannan ya ɗaga murya. Ya kira Tambajan. Ya kira Burama Makaho. Ya kira Fodeba, ya bi jeri tiryan-tiryan, murya mai daɗi da ba mu san yana da ita ba, har ya iso kan Jali Kekoto. Ya dubi dama, Baffa ya riga ya gyara wuyan riga. Ya dubi hagu, Kawu ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi don kada ya yi masa nauyi. Gumi ya keto wa Bunja. Hannunsa ya kai kan zobe, ya tura, ya tura, sai ji muka yi tas! Tsirkiya ta tsinke ta tsarge shi a kumatu. Ba a kiran suna a kan kora mai tsinkakkiyar tsirkiya, dole wani ya karɓa. Har yau akwai masu rantsuwa da gangan ya yi. Mansata ta tambaye shi a gida, ya ce wallahi shi ma bai sani ba, kuma na yarda da shi.

Haka shekaru suka yi ta tafiya, tsofaffin na ƙara tsufa, Bunja na ƙara gyara. Ba wai bai damu ba ne. Ya rame a kan abin nan. Yakan tashi da safe ya ce yau Baffa ne, jini ba wasa ba, kafin azahar ya tuna hannun Kawu a kan goshinsa, kafin la'asar ya tuna Baffa zaune shi kaɗai a ƙaton gidan da kowa ya gudu ya bari, sai tausayinsa ya kama shi, ya ji haushin kansa da yake tausayin mai tsumagiya. A ransa yana ganin muddin bai kira kowa ba, bai kashe kowa ba. Bai taɓa kawowa cewa lokaci na iya yanke masa hukuncin ba tare da ya tambaye shi ba.

Cikin wata damina mai ruwa kamar da bakin ƙwarya, mai fito ya kawo saƙo da sassafe cewa Kawu Sidat na kwance, Inna Janke ta ce idan Bunja na da abin faɗa ya zo ya faɗa. Bunja ya tsaya a tsakar gida yana juyi, ya ɗauki hula ya ajiye, ya tambayi Mansata ko ya tafi da kora ko gaisuwa kawai zai je. Ta shiga ɗaki ta ɗauko korar ta naɗe ta da zanenta ta rataya masa a kafaɗa, ta tura shi waje.

A cikin jirgi, ana yayyafi, a tsakiyar kogi, abin ya zo masa sarai karo na farko a rayuwarsa. Sunan Kawu zai kira. Ya ji zuciyarsa ta yi wasai har ya so ya yi dariya. Bai lura da cewa danshi ya shiga zanen ba, fatar ƙwaryar ta saki, tsirkiyoyin duk sun kwanta.

Ya isa da hantsi. Gida cike da mata, Inna Janke a bakin ƙofar ɗaki idanu jajur. Ta ce ya shiga, yana numfashi, yana kuma ji. Bunja ya kwance zanen ya taɓa kora, ya ji ta kamar an taka kwaɗo. Ya ce, "Inna, bari in ɗan gyara. Ba a kira a kan wannan." Gaskiya ya faɗa, ba a kira. Ya zauna a barandar, bango ɗaya tsakaninsa da gadon Kawu, ya hau tura zobba. Fata ta jiƙe, zobe ya hau ya zame. Ya kai rabi, ya saurara, sai ya ji ashe ɗaurin Baffa yake yi, tamau, mai kaifi. A ƙofar Kawu! Ya ce subhanallahi, ya sassauta duka ya faro daga farko. Inna Janke ta leƙo ta ce ya shigo haka nan. Ya ce saura kaɗan. Ta koma. Ta sake leƙowa, ya ce saura uku.

Yana kan ta ƙarshe ya ji salati daga cikin ɗaki, sannan kukan mata ya tashi.

Bai motsa ba. Yana zaune da zobe a hannu, yana kallon ruwan da ke zuba daga indararo. Can Inna Janke ta fito ta tsaya a kansa. Ya jira zagi, ya ma so ta zage shi, ta kwaɗa masa ludayin nan. Sai ta ce da murya ƙasa-ƙasa, "Ya ji ka tun da ka zauna. Na ce zan jawo ka da ƙarfi, ya riƙe mini hannu. Ya ce, ku bar yaron nan ya gama gyarawa, kada ku gaggauta shi." Yaron nan, mutumin da gemunsa ya yi fari. Bunja ya kifa kansa a kan ƙwarya ya yi kuka irin wanda bai yi ba ko ranar da aka karɓe masa kora.

Bayan an yi bakwai, gari ya ce to, Allah ya raba gardama. Saura mutum ɗaya, babu sauran ruɗu. Har Mansata ta ce masa abin da ya wuce ya wuce, kada ya bari na biyun ma ya kuɓuce, ya kira Baffa ran sadakar arba'in kowa ya huta. Bunja ya ce to. Da gaske kuma ya ce to ɗin, don shi ma bai ga wata hanya ba. Mamaci ba ya cewa "Na ji". Kiran Kawu yanzu zubar da suna ne a ƙasa, kuma kiran farko ba a yin sa sau biyu.

Ran arba'in Baffa Karamo ya sa aka ɗauke shi aka sa a jirgi. Ya tsufa tukuf, rigar ta yi masa yawa, amma ya sa ta. Rabonsa da taka gidan Sidat tun Bunja na yaro. Ya shigo yana dogara sanda, bai yi wa kowa doguwar gaisuwa ba, aka ba shi kujera a gaba. Kowa ya san abin da ya kawo shi, kuma mutane da yawa sun ji haushi, har da ni, a ce mutum ya zo karɓar suna a gidan makokin wanda ya ƙi yi wa magana. Inna Janke na cikin mata da farin mayafinta, ba ta ko dubi inda yake ba.

Da aka gama addu'a aka raba sadaka, aka ce makaɗa su sallami ɗan'uwansu. Bunja ya jawo kora. Mutane suka gyara zama irin na masu shirin dogon jira, wani ma ya tashi zai je ya dawo. Sai ga shi ya taɓa nan, ya taɓa can, ya ɗago kai. Ya kira Tambajan. Ya kira Burama Makaho, ya kira Fodeba, ya sauko har kan Jali Kekoto. Ya dubi Baffa. Baffa ya gyara wuyan riga, leɓensa har ya fara motsi. Bunja ya buɗe baki da sunan Karamo a kan harshensa, shi ya faɗa mana haka daga baya, ya rantse da shi ya buɗe baki.

"Sidat Suso," in ji shi.

Shi kansa sai da ya waiga, kamar wani ne ya faɗa a bayansa. Wuri ya mutu. Babu mai amsawa, wanda zai amsa yana ƙarƙashin ƙasa. Mansata ta dafe kai. Bunja ya yi tsuru-tsuru, ya gane abin da ya yi: bai ceci Kawu ba, ga shi ya kashe Baffa a gaban jama'a, ya tashi babu ko ɗaya. Fuskar Baffa kuwa ba ta kalluwa. Ya damƙe sandarsa, muka ce yau tsumagiyar tsufa za ta sauka a kan wani. Ya daɗe yana kallon ƙofar ɗakin da Sidat ya rasu a ciki. Sannan ya yi gyaran murya.

"Na ji masa."

Wani dattijo daga cikin makaɗa ya matso ya ce, cikin ladabi, ba a taɓa yin haka ba, mai suna shi ke amsa sunansa. Baffa ya juyo masa da idon nan da ya watsa gida guda. Ya ce shi da Sidat kwano ɗaya suka ci a gidan Kekoto, tabarma ɗaya, duka ɗaya, idan shi bai ji masa ba, uban wa zai ji masa? Ya ce duk wanda ke da ja a nan ya tashi ya faɗi a hannun wa ya yi koyo. Babu wanda ya tashi. Dattijon ya ce amma Jali ya san abin da wannan ke nufi game da nasa sunan. Baffa ya ce ba yau aka haife shi ba.

Sai ya juya kan Bunja, wanda har lokacin bakinsa a buɗe yake. "Ni na yar, shi ya tsinta," ya ce. "Kiɗa za ka yi mana, Kanute, ko sai mun kwana a nan?"

Bai taɓa kiransa da sunan gidansu ba sai ranar. Bunja ya sako kiɗa hawaye na zuba a kan fatar ƙwarya, hagu na tafiya a hankali, dama na gudu, kuma ban taɓa jin kora ta yi magana irin ta wannan rana ba. Inna Janke ta tashi daga cikin mata, ta ɗebo ruwa a moɗa ta kai wa Baffa da hannunta. Ya karɓa ya sha, bai ce an gode ba, ita ma ba ta jira ba. A jirgi da za su koma, abin da ya ce wa Bunja kawai shi ne tsirkiyarsa ta sama ta yi sanyi kamar kunun jiya.

Baffa Karamo bai ga damina ta gaba ba. Mutumin da ya yi wa sarakuna kiɗa, babu mai kiransa a jeri, kuma ba za a taɓa yi ba. Bunja har gobe bai gane yadda aka yi ba. Wani lokaci ya ce daidai ya yi, wani lokaci ya tashi da safe ya ce wa Mansata ya ci amanar jininsa, ta ce ya sha kununsa ya ƙyale ta. Amma yana buɗe taro yanzu, 'ya'yansa sun kira shi, ya ce ya ji. Idan ya jero sunaye ya iso kan Sidat Suso, ba ya sako kiɗa nan take. Sai ya kai hannu kan zoben tsirkiyar sama, ya tura shi har ta yi tamau, ya taɓa ta sau ɗaya ta yi ƙara siririya mai kaifi, ya ɗan jira, sannan ya mayar da ita inda take. Baƙi sukan yi tsaki su ce wannan tsoho har yanzu bai gama gyarawa ba. Mu ba ma ce musu komai.